Wata uku da rabi da haihuwa, ina shayarwa amma ƙiba sai ƙaruwa take yi

Maman Abdallah:

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da yayyena, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini rai, wanda na kasa furta shi a gida don gudun kada a ce na raina ni'imar da Allah ya yi mini.

Yau watana uku da rabi da haihuwa, kuma haihuwar fari ce. Kafin in sami ciki nauyina kilo 61 ne, a awon ƙarshe da na je kafin naƙuda kuwa sikeli ya nuna 75. Duk lokacin da na nuna damuwa a kan haka, sai a ce in kwantar da hankalina, da zarar na fara ba da nono jikin zai zube da kansa. Allah ya sauke ni lafiya, da kaina na haihu ba a yi mini aiki ba, kuma tun daga ranar har yau nono zalla nake ba yaron, ko ruwa ban taɓa ɗura masa ba, duk da irin surutun da na sha a kan hakan. Ranar da muka je rigakafin sati 6 na roƙi ma'aikaciyar ta bar ni in hau sikelin manya, na ga 69, na dawo gida ina murna. Makon jiya da muka koma na sati 14 na sake hawa, sai na ga 72.

A gidanmu na yi wankan jego, kuma mahaifiyata ba ta rage mini komai ba: kunun kanwa safe da yamma, tuwo da miya mai yaji, farfesun ƙauri, gasasshen nama, ga shayi mai kauri duk lokacin da na buɗe ido. Da na dawo ɗakina bayan arba'in na ɗauka cin zai ragu, amma wata irin yunwa nake ji wadda ban taɓa sanin irinta ba, musamman cikin dare bayan yaron ya gama tsotso. Nakan tashi ƙarfe biyu na dare in haɗa shayi da madara da burodi, wani lokaci in bi da lemon kwalba, domin idan ban ci ba har rawa jikina yake yi.

Rigunan da aka ɗinka mini na lefe babu wadda take shiga ta yanzu. Na kai guda uku wurin tela ya buɗe su iyakar abin da ɗinkin ya bari, duk da haka hannun yana matse ni. Cikina kuma har yanzu a gaba yake, har a wani gidan suna wata baiwar Allah ta ja ni gefe ta tambaye ni ko na sake samun wani ne. Ban ce mata komai ba, amma da na dawo gida na sha kuka. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne 'yar gwaggona, wadda sati biyu ne tsakanin haihuwata da tata, ita ma shayarwa take yi, amma ta zube tas, har ta fi lokacin da take budurwa sirantaka.

Shin da gaske ne shayarwa tana rage ƙiba, ko kuwa magana ce kawai ta kwantar da hankali? Maƙwabciyata ta kawo mini wani shayin rage teɓa da take sayarwa, ta ce a sati biyu zan ga bambanci, yana nan ban buɗe ba tukuna. Zan iya sha ina shayarwa? Ina kuma tunanin in daina cin abincin dare gaba ɗaya, sai dai ina tsoron kada nonon ya ragu. Allah ya saka wa duk wadda ta amsa da alheri.

Ummu Salma:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya Abdallah ya yi masa albarka.

Haihuwata uku, kuma kowace da yadda jikina ya karɓe ta, shi ya sa na daina yarda da maganar cewa shayarwa tana yi wa kowace mace abu ɗaya. A ta fari na rame kamar yadda kika ce 'yar gwaggonki ta yi. A ta biyu kuwa ko kilo ɗaya bai sauka ba har na yaye yarinyar tana da wata ashirin, sai bayan yaye da kamar wata uku na lura zanena ya fara kai mini inda yake kaiwa a da, ba tare da na canza komai ba sai dai yunwar nan ta dare da ta ɗauke. Saboda haka abin da kike gani ba baƙon abu ba ne, kuma ba alama ba ce ta cewa haka za ki dawwama.

Game da shayin nan, ina roƙon ki da ki mayar mata da abinta. Na sha irinsa a goyon na biyu, lokacin yarinyar tana da wata biyar. Kwana uku na yi ina zarya banɗaki, cikina yana murɗawa, idan na miƙe tsaye sai in ga duhu, kuma yarinyar ta yi ta kama nono tana saki tana kuka domin bai cika kamar yadda ta saba ba. Sikeli ya nuna na ragu da kilo biyu, amma cikin sati ɗaya da dainawa suka dawo. Kuɗina da lafiyata kawai na yi asara.

Sai maganar 'yar gwaggonki, wadda ita ce ma ta sa na ga ya wajaba in yi magana. A haihuwata ta uku na rame sosai, mutane suna ta yaba mini cewa jikina mai kyau ne ba ya riƙe ƙiba. Ni kuwa a lokacin ko tsakar gida na share sai na zauna na huta, zuciyata tana bugawa kamar zan faɗi, tafin hannuna ya yi fari fat. Da aka auna ni aka ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, na yi wata uku ina shan maganin ƙarin jini kafin in dawo daidai. Ba cewa nake ita ma abin da ke damunta ke nan ba, wataƙila yanayin jikinta ne. Amma kada ki auna kanki da ita, kuma idan kun yi waya ki tambaye ta yadda take ji a jikinta, ba yadda ake ganin ta ba.

Anti Ladi, ungozomar asibiti:

Maman Abdallah, sannu da jego, kuma sannu da ƙoƙarin ba da nono zalla. Ki riƙe wannan har yaron ya cika wata 6, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, sannan ki fara haɗa masa da abinci kina ci gaba da shayarwa har shekara 2. Kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, don haka ko a watan Afrilu ba ya buƙatar a ɗura masa wani.

Amsar tambayarki ta farko ita ce e, shayarwa tana taimakawa, amma ba kamar yadda ake zuzuta ta ba. A ranar haihuwa mace takan rage kamar kilo 5 zuwa 6, wato nauyin jariri da mabiyiya da ruwan da yake kwance a ciki da jinin da ya zuba. A sati ɗaya ko biyu na farko kuma ruwan da jiki ya tara lokacin ciki yana fita ta fitsari da gumi. Ita kanta mahaifa, da aka haihu nauyinta ya kai kusan kilo ɗaya, cikin sati 6 take tsukewa ta koma abin da bai kai giram 100 ba, kuma a nan shayarwa tana aiki na zahiri. Idan kin tuna yadda mararki take murɗawa duk lokacin da yaron ya kama nono a kwanakin farko, wannan sinadarin oksitosin ne da tsotso yake sa jiki ya saki, shi ke matse mahaifa ya kuma rage zubar jini. To duk wannan raguwar ba kitse ba ne, ita ce kika gani a sati 6 kika yi murna.

Kitsen da ya taru a cinya da ƙugu lokacin ciki kuwa, Allah ya ajiye shi ne a matsayin guzurin shayarwa, kuma a hankali ake cin sa. Mai shayar da nono zalla tana samar da kamar kashi uku cikin huɗu na lita a kullum, kuma hakan yana cin ƙarfin abinci kusan kalori 500. Wani ɓangare daga wancan kitsen ake ɗauka, sauran daga abin da kika ci. Matsalar ita ce kalori 500 ba abu ne mai yawa ba idan aka zo ga irin abincin da kika lissafa. Babban kofi na shayi da madara da sukari, da yanka uku ko huɗu na burodi, sun isa su mayar da shi a zama ɗaya. Robar lemo ta rabin lita ita kaɗai tana ɗauke da sukarin da ya haura ƙaramin cokali goma. Ga kuma rashin barci, wanda shi ma yana ƙara yunwa, musamman kwaɗayin zaƙi. Don haka nononki yana aikinsa, abin da ke shiga ne ya fi abin da ke fita.

Ban yarda ki daina cin abincin dare ba. Wadda ta kwana da yunwa tana shayarwa, ƙarfe biyu na dare za ta tashi ta ci abin da ya fi wanda ta bari, kuma idan ta matsa wa kanta da yawa nono yakan ragu, ita kuma ta galabaita. Yunwar da kike ji ta gaskiya ce, abin da za ki ba ta ne za ki canza. Kafin ki kwanta ki ajiye dafaffen ƙwai ɗaya ko biyu, ko 'yar gyaɗa, ko kindirmo marar sukari, da gorar ruwa a kusa da gado, domin sau da yawa ƙishirwa ce take zuwa wa mai shayarwa a kamannin yunwa. Da rana ki rage malmalar tuwo ko shinkafa kaɗan, ki yawaita miya da ganye, zogale da alayyafo da rama, ki riƙa samun wake da kifi da hanta gwargwadon hali. Lemon kwalba ki bar shi gaba ɗaya. Ki goya yaron ki yi tafiyar minti ashirin zuwa talatin da la'asar sakaliya, ko da zagayen tsakar gida ne. Abin da ake so shi ne ragin da bai wuce rabin kilo a sati ba. Da wannan lissafin kilo 11 ɗin da kike nema za su ɗauki watanni, kuma mata da yawa sai wajen shekara guda suke komawa kusa da inda suke, wasu kuma kilo biyu ko uku na ƙarshe ba sa sauka sai an yi yaye, kamar yadda Ummu Salma ta gani.

Shayin rage teɓa kuwa, yawancinsu ganyen filasko ne ko danginsa masu sa gudawa, wasu kuma da abin da ke sa yawan fitsari. Ruwa suke fitarwa, ba kitse ba, kuma mai shayarwa ita ce ta fi kowa buƙatar ruwan nan. Wasu ma ba a rubuta abin da ke cikinsu ba, balle a san abin da zai bi nono ya isa ga jariri. Kada ki sha.

Tambaya ɗaya nake da ita: kin fara wata hanyar tazarar haihuwa? Allurar wata uku tana sa wasu mata ƙiba, idan ita kika yi sai ki koma ku tattauna ko za a canza miki. Idan kuma kina jin sanyi fiye da kima, ga kasala da cushewar ciki da bushewar fata, ki nemi a gwada miki ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayiroid, domin takan rikice wa wasu mata a shekarar farko bayan haihuwa, ta sa rama da bugun zuciya da farko, daga baya ta juya ta sa ƙiba.

Hajiya Inna:

'Yata, Allah ya ba ki lafiyar shayarwa. Jikata ce take rubuta mini, ni nake faɗa.

Haihuwata tara, kuma duk na yi wankan jego da ganyen runhu da darbejiya, na sha kunu, na ci ƙauri. Ba na so ki fita daga wannan magana kina ganin mahaifiyarki ta cuce ki. Matar da ta zubar da jini, ta kwana tana naƙuda, ga jariri yana jan ta dare da rana, dole a ciyar da ita, kuma hikimar da ta sa aka keɓe mata kwana arba'in ba ta ɗora tukunya ba ke nan. Sai dai jegon da muka yi da wanda kuke yi yanzu ba ɗaya ba ne. Kununmu na gero ne, babu sukari a ciki sai wadda ta sami ɗan zuma ko mazarƙwaila. Madarar gwangwani da burodi da lemo ba mu san su a ɗakin mai jego ba. Ranar da aka yi arba'in kuma, washegari taɓarya tana hannunka, ka yi surfe, ka yi daka, ka ja guga, ka sunkuya ka yi shara da goyo a baya. Ku kuwa kun riƙe cin jego har bayan arba'in, inji ya ɗauke muku aikin. Ba laifinku ba ne, zamani ne, amma dole abin ya nuna a jiki.

Ciki kuma mu ɗaure shi muke yi da zane bayan wanka, kuma yana sa mace ta ji daɗin zama da tashi, bayanta ya daina ciwo. Ban sani ba ko Malama Ladi za ta yarda da wannan.

Abu ɗaya da na canza ra'ayi a kansa shi ne kanwa. Akwai wata maƙwabciyarmu da ta haihu, muna ta murna ta yi ƙiba jego ya karɓe ta, ashe kumburi ne. Sai da ta kasa kwanciya, sai dai ta kwana a jingine tana haki, sannan aka kai ta asibiti aka ce zuciya ce. Ta rayu, amma ba ta ƙara lafiyar kirki ba. Tun daga nan 'ya'yana da jikokina idan sun zo wanka, kunun gyaɗa da na tsamiya nake dama musu, kanwa sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Kuma ki tuna Allah da kansa ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa a cikin Suratul Baƙara, aya ta 233. Ke yanzu ko rubu'in tafiyar ba ki yi ba. Rigunan lefe ki ninke su ki sa a akwati, ki ce wa maigidanki ya ɗinka miki kala biyu daidai jikinki na yanzu, ki fita cikin mutane da walwala.

Anti Ladi, ungozomar asibiti:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin taɓo abin da ya kamata a ce na fara da shi. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciya da ke kama matanmu bayan haihuwa, suka danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa da kuma tsananin zafin wanka da kwanciya a kan gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar hawan jini da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam, amma babu mai musun cewa gishiri mai yawa yana sa jiki ya riƙe ruwa, kuma yana wahalar da zuciyar da ta riga ta raunana. Maman Abdallah, ki danna ƙashin ƙwaurinki da babban yatsa na ɗan lokaci ki ɗaga. Idan wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, ko kina haki idan kin kwanta a miƙe, ko tari cikin dare, wannan ba maganar ƙiba ba ce, asibiti za ki je a ranar.

Ɗaurin ciki ban hana ba, matuƙar ba a tamke shi har numfashi ya yi wuya ba. Yana tallafa wa baya, sai dai ba ya narkar da kitse. Kuma ba kowane cikin da ya tsaya a gaba ne teɓa ba. Naman ciki guda biyu da suka sauko daga ƙirji zuwa mara sukan rabu a tsakiya saboda girman ciki. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwoyi, ki ɗaga kai kaɗan, ki sa yatsu a saman cibiya ki ji faɗin ramin da ke tsakani. Idan ya wuce yatsu biyu, kada ki yi irin motsa jikin nan na kwanciya ana tashi zaune, yana ƙara buɗa shi, ki je sashen gashin ƙashi na asibiti su koya miki wanda ya dace.

Maman Abdallah:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Anti, na danna ƙwaurina bai lotsa ba, ba na haki, kuma ban fara wata hanyar tazara ba tukuna. Ramin da ke saman cibiyata yatsu uku yake ci, saboda haka ranar Talata in Allah ya kai mu zan je asibiti, zan kuma nemi a duba mini jini da maƙogwaron. Shayin na mayar wa maƙwabciyata jiya. Kwana biyu ke nan ina ajiye ƙwai da ruwa a gefen gado, daren farko sai da na ƙara da burodi, na biyu kuwa ban tashi na kunna risho ba. Hajiya, na faɗa wa Baban Abdallah maganar ɗinki, ya ce in zaɓi atamfa.

Yaya Ummu Salma, na kira 'yar gwaggon tawa na tambaye ta kamar yadda kika ce. Ta yi shiru, sannan ta ce tun bayan arba'in jiri take fama da shi, sau biyu tana kusan faɗuwa da yarinyar a hannu, ba ta faɗa wa kowa ba saboda kowa yaba jikinta yake yi. Mun yi da ita zan biya mata ranar Talatar mu tafi tare.